Shayin Wanke Tsinke

Vancouver, Kanada, watan Maris 1988

Zuwa ga ƙanwata Fong,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya kasuwa, ya kuma kafaɗar nan taki? Mu nan lafiya lau, sai sanyi, sai baban su Hoi-man da ya ɗauko sabon hali na yi wa ciyawar ƙofar gida aski duk Lahadi kamar wani ya sa shi.

Albishirinki. Takardunki sun fito. Lauya ya ce dole ki taka ƙasar nan kafin ƙarshen Satumba, in ba haka ba izinin ya mutu, a koma farko, kuma ke kin san shekara nawa muka yi muna bin abin nan. Don haka ba na son in ji "bari in gani". Na san ki sarai. Tun kina yarinya in aka aike ki sayen gishiri sai kin tsaya kallon kifi a baho har dare ya kusa.

Na gyara miki ɗakin sama, wanda tagarsa ke kallon bishiyar tuffa. Na sa labule ruwan ɗorawa, na sayi bargo biyu don na san ke da sanyi ba kwa shiri. Ki nemi wanda zai sayi rumfar maɓallin nan, kada ki tsaya ciniki kamar zinariya kike sayarwa. Shekararki arba'in da uku, Fong. Kin yi jinyar Inna har Allah ya ɗauke ta, kin sauke naki nauyin. Me ya rage miki a can, in ba ɗaki ɗaya a hawa na bakwai da kike hawa da ƙafa ba?

In za ki taho, ki roƙo mini ganyen shayi a wajen Kawu Biu na gidan shayin unguwarmu. Shayin ƙasar nan ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Masu sabis ɗinsu kuma murmushi har ya ishe ni, kana cikin tauna su zo su tsaya maka a ka suna tambaya ko abincin ya yi daɗi. Wallahi na yi kewar a dangwarar mini da kofi a gaba a wuce.

Ki rubuto mini ranar da za ki taso. Ki huta lafiya.

Yayarki,
Kuen

Sham Shui Po, Hong Kong, watan Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da ladabi, yadda Inna ta koya mana rubutawa. Ina gaida baban su Hoi-man, a ce masa ya bar ciyawa ta huta. Ina gaida yara. Kafaɗa da sauƙi, sai dai in hadari ya haɗo.

Wasiƙarki ta same ni a bakin rumfa. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na gode, Yaya. Na san wahalar da kika sha kuma ba na raina ta. Sai dai Satumba da saura, ga shi yanzu ne teloli ke sayen maɓallin kayan zafi, ba lokacin sakin rumfa ba ne. Bari in gani. E, na rubuta, yi faɗanki.

Saƙon ganyen shayi na isar. Kawu Biu ko tsayawa bai yi ba, yana tafe da kwano uku a hannu ɗaya ya ce, "Ganye? Ita ta ɗauka ganye ne? Ce mata ta zo ta yanke hannun mai haɗa shayin ta tafi da shi Kanada." Sai da ya kai ƙofar kicin ya waiwayo ya ce, "Tana cin abinci dai ko?" Na ce kin yi ƙiba. Ya ce to.

Gidan shayin yana nan yadda kika bar shi. Koren tayil ɗin nan, fankar sama mai kuka, takardar abinci a ƙarƙashin gilashin tebur ta koɗe har ba ta karantuwa, kuma ba wanda ya damu tunda kowa ya haddace. Kawu na nan da farar rigarsa da ta koma ruwan shayi, biro a bayan kunne. Har yau mutane gidan shayin Kawu Biu suke cewa, mai gidan kuwa ya haƙura. Kafin in zauna na ji ya kwarara wa kicin: shayi da madara mai zafi, taliya da naman sa, gasasshen burodi a zuba madara mai kauri. Rannan na ce yau makaroni nake so. Ya dube ni ya ce, "Ba ki so." Ya kawo taliya. Abin haushi kuma, gaskiyarsa.

Da safe kin san yadda wurin ke cika. Inda Kawu ya nuna da haɓa nan za ki zauna, ko wa ke teburin, kowa ya sa ido a kwanonsa. Ni dai shekara huɗu ke nan teburina ɗaya, na ƙarƙashin fanka, kuma wanda ke gabana mutum ɗaya ne. Ma'aikacin jirgin fito ne, na gane daga shuɗiyar rigarsa da hannuwansa da igiya ta cinye. Shayi haɗe da kofi yake sha, ba sukari. Jarida daga baya yake faro ta, kuma shafin tseren dawaki ko kallo bai ishe shi ba, wanda a garin nan abin a kai mutum asibiti ne. In ya gama sai ya ninke ta, shafin labarin nan mai ci gaba yana sama, ya ajiye kusa da kwalbar barkono ya tashi. Ni kuma in ɗauka, tunda ba kyau a bar jarida ta lalace. Mantuwa yake yi, ina jin. Ba mu taɓa magana ba, ke ma kin san ba a yi. Ko sunansa ban sani ba. Abu ɗaya ke ci mini rai: maɓallin aljihunsa na hagu ba irin sauran ba ne, kuma da farin zare aka ɗinka shi a jikin shuɗiyar riga. Duk safiya sai idona ya kai can.

Labule ruwan ɗorawa kuwa, Yaya, kin manta ke ce mai son ruwan ɗorawa. Amma na gode.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Fong

Vancouver, watan Mayu

Fong,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya.

Na tambaye ki ranar tahowa, kin ba ni layi biyu. Mutumin da ba ki san sunansa ba kin ba shi rabin shafi, har da zarensa. Ni kika mayar yarinya?

Ba mai yin mantuwa iri ɗaya shekara huɗu, kuma a ninke, kuma a shafi ɗaya. Farin zare a shuɗiyar riga abu biyu ne: ko ba mace a gidan, ko akwai ba ta damu da shi ba. Duka biyun ba su kwanta mini ba. Mutanen ruwa kuma kin ji abin da Inna ke cewa a kansu.

Ba wai ina hana ki cin taliya ba ne. Ki ci. Amma ki je ki yanki tikiti, don kujeru na ƙarewa in rani ya yi, rabin Hong Kong hanyar nan suke. Kuma ki faɗa wa mutane za ki tafi. In kika furta da bakinki ƙafarki za ta bi.

Bari in faɗa miki gaskiya, tunda baban su Hoi-man ba ya karanta wasiƙuna. Gidan nan shiru gare shi. Yara sun girma, da Turanci suke amsa mini. In na ga abin dariya a titi sai in juya in faɗa miki, in tarar ba kowa. Ina kewarki ƙwarai, kuma ina ƙirga watanni.

Ki kula da kanki.

Yayarki,
Kuen

Sham Shui Po, watan Yuni

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ki zauna kafin ki karanta, kuma in kika yi dariya zan ji a jikina.

Na bi maganarki. Ranar Litinin Kawu ya dangwarar da taliya, na ce, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, "Kawu, watan Satumba zan koma Kanada wajen Yaya." Ya ce, "To. Wani ya samu kujera." Ya wuce abinsa. Sai dai burodin ranar ya zo madara har tana zuba ta gefen faranti. Shi kuwa mutumin jirgin fito, jaridar ta tsaya masa a hannu. Bai juya shafi ba har shayinsa ya huce. Da ya tashi ya tafi da ita a hammata, abin da bai taɓa yi ba, ni kuma har yau ban san ko matar labarin ta yafe wa mijin ba.

Washegari na zo, Kawu ya nuna teburin da haɓa, ya dangwarar mana da kofi biyu na tsararon shayin nan na wanke tsinken cin abinci. Kin san dai kowa nasa yake wankewa. Muna yara Baba ke wanke namu duka, bayan ya rasu Inna ta karɓa. Tun da ta tafi ba wanda ya sake taɓa tsinkena sai ni.

Ina shirin miƙa hannu gwangwanin tsinkaye, sai mutumin nan ya riga ni. Ya zaro na mutum biyu, da cokali biyu. Ya tsoma su a kofinsa, ya juya su a hankali, ya ɗauraye har ƙarshen mariƙi, ya karkaɗe. Sannan ya shimfiɗa takardar goge baki a gabana ya jera mini nawa a kai. Bai dube ni ba. Kunnuwansa sun yi jajur. Yaya, gidan nan da ko tsawa aka yi ba a ji, sai da ya yi tsit. Tsohuwar nan mai sayar da ƙwai a teburin baya ta daina tauna.

Ni kuwa hannuna ya rasa inda zai zauna. Na san ya kamata in ce wani abu, ko in ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu in yi godiya yadda kowa ke yi. Sai kawai na rarumi kofin da ya fi kusa da ni na kafa kai. Nasa ne. Wanda ya wanke tsinkayen a ciki. Na shanye tas, har na ajiye da ƙara.

Kawu na tsaye da taliyata a hannu. Ya ce, "Shekara arba'in ina aikin nan, yau na ga sabo. A ƙaro miki, ko in ɗebo na wanke kwano?" Wurin ya ɓarke da dariya, har mai haɗa shayi ya leƙo ta taga. Ban san lokacin da na kai titi ba. Taliyar ma ban taɓa ba.

Tun ranar ban koma ba, mako na uku ke nan. Ina karyawa a sabon wurin nan na bakin tasha mai na'urar sanyi da kujerun roba. Shayinsu ba kauri, burodinsu kamar soso, kuma yarinyar wurin kullum sai ta tambaye ni me zan ci. In na bi ta layin gidan shayin sai in tsallaka ɗaya ɓangaren in ɓuya a bayan lema, ko ba ruwa.

Abin da ya fi damuna ba dariyar ba ce. Mutumin nan shekara huɗu yana tara ƙarfin hali, ya yi abin da ya yi a gaban jama'a, ni kuma na mayar da shi abin wasa na gudu. Da wace fuska zan zauna a gabansa? Na je ofishin jirgin sama na sa sun riƙe mini kujera a tsakiyar Satumba. Wataƙila ma Kanada ce maganin wannan kunyar. Ya kamata in yi murna, ga shi ba na yi.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Fong

Vancouver, watan Yuli

Zuwa ga Kawu Biu, a gidan shayi,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Kawu yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da duk ma'aikatan gida. Ni ce Kuen, babbar 'yar marigayi Pun mai gyaran keken ɗinki, wadda Kawu ke ba ɓawon burodi a ɓoye tana ƙarama. Ina neman afuwa da na ɗauke wa Kawu lokaci.

Dalilin rubutuna shi ne ƙanwata Fong. Ta ba ni labarin abin da ya faru, kuma ba sai na maimaita wa wanda aka yi a gabansa ba. Ba mu da uba, ba mu da wa namiji, don haka Kawu nake tambaya a madadinsu. Wane ne mutumin nan? Yana da mata? Yana caca, yana sha? Mene ne aibinsa? Ina roƙon kada a rufe mini komai.

Ba zan ɓoye wa Kawu ba, ni so nake ta taho. Da na ga dama sai in yi shiru, kunya ta kawo mini ita har gida. Na gwada yin shirun na mako guda, abinci ya ƙi shiga. Ba na son ta zo ta zauna a bakin taga tana kallon bishiya alhali hankalinta na wani teburi.

Ina jiran amsa in an samu sarari. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Pun Lai-kuen

Sham Shui Po, watan Yuli

Kuen,

Na samu. Muna lafiya. Ba ni da lokaci, ki karanta da sauri.

Sunansa Mak Tin-sang. Shekara hamsin da ɗaya. Shi ke jefa igiya a jirgin fito. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Ya ɗaya, nas ce, tana gidan mijinta. Ba ya caca. Yana sha a biki, kofi ɗaya ya yi barci. Aibinsa: yana tsoma burodi a shayi, kuma ba ya magana. Na biyun kuwa, ku ba ku rasa mai surutu a gidanku ba, sai a raba.

Kina tsammani gidan nan kullum cike yake? Akwai ranakun da ake ruwa, teburi huɗu ba kowa, in nuna wa shi da Fong na ƙarƙashin fanka su je su zauna. Ba wanda ya taɓa cewa ga wuri can. Shekarar farko aikina ne, na ga mutum biyu kowa na cin abinci kamar ana binsa, na ce bari su yi kusa. Daga ta biyu ba ruwana. Shi ke tsayawa wajen mai jarida a tsallaken titi har sai ya ga ta shigo, sannan ya tsallako yana duba agogo. Kowa ya sani, har kyanwar kicin. Su biyun ne kawai ke tsammanin asiri ne.

Tun da ta gudu yana zuwa kullum. Tsinken mutum biyu yake wankewa, ya jera ɗaya a gabansa, ɗaya a inda take zama. In ya tashi ni ke kwashewa. Ya hana ni zaunar da kowa a kujerar, kuma ba da baki ya hana ba, kallo kawai yake yi. Yana ɓata mini tsinke, yana ɓata mini kujera.

Maganar da na yaɓa mata ranar, da na san za ta gudu da na bari sai ta ci taliyar. Ba zan je kiranta ba, ni ba ɗan aike ba ne. Sai dai rumfarta a hanyar gidana take.

Ganyen shayin na ba wa wani matuƙi, ɗan uwan mai ƙwai, zai sa miki a gidan waya. Ba zai yi miki daɗi ba, ruwanku ba shi da kyau.

Ki ci abinci.

Biu

Sham Shui Po, watan Agusta

Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Ashe haka kike, ki zagaya ta bayana ki rubuta wa Kawu? Ya karanta wasiƙarki a kicin da ƙarfi, yana kwaikwayon muryarki. Mai haɗa shayi ya ce bai taɓa jin an girmama Kawu haka ba, har bai gane wa ake nufi ba.

Ga yadda aka yi. Wata yamma ina kwashe kaya sai ga Kawu a bakin rumfa, ba farar riga, na kusa ban gane shi ba. Ya ɗauki maɓalli ɗaya ya juya, ya mayar. Ya ce, "Taliyarki ta huce." Ya tafi. Shi ke nan abin da ya ce.

Washegari na sa rigata mai ɗigo-ɗigo, na cire, na sa ta kullum, na sake mayar da mai ɗigon. Na shiga kaina a ƙasa. Ba wanda ya dube ni, kuma irin rashin kallon nan ne da kin san kowa na kallo. Malam Mak na zaune, tsinkayena a jere a kan takarda. Na zauna. Wannan karon na ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, kamar mutum mai hankali. Kawu ya kawo shayina da madara. Sai Malam Mak ya miƙo hannu ya janye kofin tsararon can nesa wajen kwalbar barkono, ya turo mini ɗayan. Ya ce, "Wancan na wanki ne. Wannan na sha."

Maganarsa ta farko ke nan gare ni a shekara huɗu. Na yi dariya har hawaye, shi ma ya yi, ashe yana da wushirya. Muryarsa kuma ƙarama ce, ban zaci haka ba.

Bayan mun lafa ya faɗi sunansa, na faɗi nawa, ya ce ya sani. Ya ce, "Kanada da nisa." Na ce da nisa. Sai ya ce, "Ba ni da abin da zan ajiye kusa da Kanada. Ɗaki biyu ne a unguwar Shek Kip Mei, da tsuntsu a keji. Amma in kin tafi ban san inda zan riƙa karyawa ba." Ni kuma duk maganganun da na shirya a hanya suka gudu, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawo rigar nan gobe in canza maɓallin." Ya dubi aljihunsa ya ce shi ya ɗinka. Na ce na sani. Kawu ya zo yana goge teburin da ba abin da ya zube a kai, ya ce, "In kun gama, mutane na jira." Teburi uku babu kowa.

Ranar Lahadi na shiga jirginsa, na haye na dawo, na sake hayewa, har mai karɓar tikiti ya fara gaishe ni. In ya jefa igiyar nan ba ya kuskure, kuma na ga yana satar kallona ya ga ko na gani. Mun je shan shayi da 'yarsa. Ta zuba mini da hannu biyu, ta ce ita ta daɗe da sanin akwai wata, don babanta bai taɓa son labarin soyayya ba amma kullum jaridar da ke da shi yake saye. Makon da ya wuce ya tambaye ni ko zan aure shi, a teburin, bakinsa da madara. Na ce to. Muna so a yi bayan bikin cikar wata na kaka, in zafi ya sauka. Mai gidan shayi ya ce zai rufe mana wurin yamma guda, Kawu ya ce shi dai ba zai yi murmushi ba ko an biya shi.

Yanzu ga mai wuyar. Yaya, ba zan zo ba. Na je na saki kujerar jirgin saman. Na san izinin zai mutu, na san ba lallai a sake samu ba, na san shekarun da kika yi kina hawa da sauka a ofisoshi saboda ni. Na karanta inda kika ce kina juyawa ki faɗa mini abin dariya ki tarar ba kowa, na kuma karanta, na yi kuka a bayan rumfa. Ba ni da abin da zan ce wanda zai cike wannan. Ina cikin farin ciki irin wanda ban san ana yi a shekaruna ba, kuma ina jin tsoro. Ke kaɗai gare ni. In kika yi fushi kika daina rubuto mini, to rabin abin ya tafi. Ki zage ni iya son ranki, amma ki rubuto.

Ina jiran ki ji, ina kuma jiran in ji.

Ƙanwarki har abada,
Fong

Vancouver, watan Satumba

Fong,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam Mak.

Na yi fushi. Na rufe ɗakin sama na mako biyu, ba wanda ya isa ya ambaci sunanki a tebur. Zagin na rubuta shi, shafi uku, baban su Hoi-man ya ce kuɗin kan sarki zai yi yawa, na yaga.

Zan zo, ni kaɗai, in yi wata guda. Ki ce masa ya yi aski.

Abu ɗaya. Taje kan amarya kafin a fita da ita aikin uwa ne, kuma Inna ba ta nan. Kada ki bari mai ƙwai ko wata maƙwabciya ta taɓa miki kai. Ni zan yi. Na riga na sayi matajin, yana cikin jakata.

Sai na iso.

Yayarki,
Kuen